Takalmin Mijin Auta

Zuwa ga aminina Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma gwiwar nan taka ta yi sauƙi. Ni dai ina gidan 'yata Auta, tunda likita ya hana ni zama ni kaɗai. Ni da na karantar da rabin masu juya ofisoshi a yau, ga ni a ɗakin baƙi na gidan suruki, ina jiran a kira ni cin abinci.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ɓarna na yi. Mijin Auta yana da wani takalmin fata ruwan zuma, mai taushi, wanda yake ji da shi. Ran Talata na gan shi a bakin ƙofa ya yi ƙura, fatar ta bushe. Zaman banza ya ishe ni, na ce bari in yi wa gidan nan amfani ko sau ɗaya. Ka tuna yadda nake goge takalmi muna makaranta. Na nemi man takalmi ban samu ba, sai na shiga kicin na ɗebo man zaitun, na shafe shi da tsumma, ban yi rowa ba. Kafin la'asar ya koma kalar hanta, dabbare-dabbare.

Da mijin ya dawo ya gani, Auta ta yi wuf ta ce ita ce. Ya yi mata faɗa sosai, har ya ce ko jariri ba zai yi wannan wautar ba. Ina zaune a bakin gado ina ji, ko tari ban yi ba. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ka gaida mutanen gida. Kada ka ba kowa labari.

Naka,
Ƙamus

Dogo,

Ina gaisuwa, ya jiki? Na samu amsarka. Ka yi dariyarka, ka samu abin yi.

Na ɗauko takalmin daga inda aka jefar da shi, na ɓoye a ƙarƙashin gado. Na tuna yadda marigayiya matata take cire maiƙo daga riga, sai na bi hanyarta. Nakan barbaɗa garin sitaci ya rufe fatar, in bar shi ya kwana ya tsotse man, da safe in karkaɗe da buroshi mai laushi, in sake. Daga baya na goge da tsumma mai ɗan danshi da kumfar sabulu kaɗan, na shanya a inuwa. Na ƙafar dama ya fara dawowa hayyacinsa. Na hagu ya kafe, bakinsa baƙi wuluk, ka ce shi na fi ɗura wa.

Jiya Auta ta shigo da shayi ta same ni durƙushe, hannu fari fat. Ta roƙe ni in bar maganar, ta ce tsakanin miji da mata ne, za su shirya. Yarinyar da na goya ce yau take rufa mini asiri. Niyyata in gyara shi in mayar bakin ƙofa shiru. Amma ko ya dawo sabo fil, ba zai janye maganar da aka faɗa mata ba. Kuma ta yaya zan buɗe baki in gaya wa surukina cewa ni nake taɓa masa takalmi?

A gaida iyali.

Ƙamus

Aminina Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na faɗa masa.

Ran Asabar yana falo shi kaɗai, na shiga riƙe da takalmin. Tunda ya auri Auta ba mu taɓa haɗa ido sosai ba. Ya miƙe a firgice, ya karɓe shi daga hannuna, ya durƙusa. Na faɗa a tsaye, a taƙaice, kamar ɗalibin da aka kama. Bai ce komai a kan fatar ba. Haƙuri ya yi ta ba ni, wai shi ne mai laifi da ya bar takalminsa inda idona zai gani. Daga nan ya wuce kicin. Ban san me ya gaya mata ba, amma can na ji dariyar Auta, wadda na yi kewa.

To sun shirya, alhamdulillahi. Sai dai yanzu ko silifa ba a bari a bakin ƙofa, duk ana kwashewa ciki. Shi kuma wannan takalmin yake sawa zuwa ofis kullum, ɗaya ruwan zuma ɗaya kalar hanta, yana cewa ya fi masa kyau haka. Kowace safiya sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da shi a ƙafa. Da zagina ya yi, Dogo, da tuni na warke.

Allah Ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Ƙamus