Batiran da Armindo Ya Ba Ni

Zuwa ga 'yata Graça,

Ki ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni yanzu, ko tukunya ce a wuta ki sauke ta. Gaisuwar ma a tsaye zan yi: ina gaishe ki, ina gaida mijinki da yaran, da fatan ciwon bayan nan ya sake ki. Solange ce ke rubuta mini, nas ɗin da ke zuwa yi mini allurar sukari. Ta ce wasu tsofaffin na jiranta, na ce su jira, ba inda za su.

Ran Litinin na kira ki, kika ce, "Mama ki huta, yayana ya yi mini bayani." Washegari yayan naki Armindo ya ɗauke wayar, wai za a gyara. To ga nawa bayanin.

Kin san Lilou, 'yar maƙwabciyarmu Coralie, 'yar shekara ukun nan da ke kutsowa ta ramin shinge tana cin ɓaurena. Ran Asabar ina shanya a bayan ɗakina, na zagayo da kwando, sai ga jan takalmi ƙwaya ɗaya a bakin tafkin wanka, wanda yayanki ya haƙa a inda babanku ke shuka kabeji a da. Ban ji komai ba, Graça. Ƙararrawar nan da doka ta ce dole duk mai tafki ya tanadi irinta, wadda ko kwaɗo ya faɗa sai ta tada unguwa, ko tari ba ta yi ba. Ni da ko a rafin ƙauyenmu na Portugal ruwa bai taɓa wuce mini idon sawu ba, na faɗa da rigata da takalmana har wuya, na kamo gashin yarinyar. Yanzu tana asibiti a birnin Nîmes, inji ke mata numfashi.

Jandarmomi suka zo, suka buɗe ƙararrawar, cikinta wayam, ba batir. Ina tsaye ruwa na ɗiga daga jikina, Armindo ya ce musu, "Mahaifiyata ce. Kanta ya fara juyewa, tana kwashe abubuwa." A gabana. Ko kallona bai yi ba.

Kaina ƙalau yake. Ki zo.

Mahaifiyarki,
Deolinda

Zuwa ga 'yata Graça,

Ina sake gaishe ki, ko da tawa gaisuwar ba ta samu amsa ba. Allah ya sa lafiya ce ta hana ki. Wannan karon Amílcar ke rubutawa, tsohon maginin nan abokin babanku. In kin ga rubutun kamar kaza ta bi ta kan siminti, nasa ne. Ya ce in gaya miki kazar ce ta gina rabin garin nan. Rubuta kawai, tsohon banza.

Bari in ba ki labarin batir ɗin. Kin san iskar mistral in ta taso. A watan Yuli ta yi ta kaɗa ruwan, ƙararrawa ta yi ta ihu ba gaira ba dalili. Baƙin da yayanki ya ba hayar babban gidanmu suka ce sun zo hutu ne, ba barikin 'yan kwana-kwana ba. Ghislaine, matar yayanki, ta yi ta masifa wai za su ɓata wa gidan suna, ba wanda zai sake zuwa.

Ana haka wata rana da yamma, muna zaune a ƙofata ni da Coralie muna ɓarar wake, sai ga Armindo da manyan batir guda huɗu. Ya ce, "Mama, kawo rediyon nan naki ya daina tari." Da hannunsa ya sa su. Coralie har ta tsokane shi, ta ce, "Kai Armindo, yau wace rana aka tuna da uwa?" Muka yi dariya. Na ji daɗi, Graça, ba zan ɓoye miki ba. Rabon da ya kawo mini ko allura na manta. Na zaci saye ya yi. Da na ji ƙararrawa ta yi shiru na tambaye shi, ya ce murya ya rage mata. Sati da sati ina jin addu'ar safe a rediyo, ashe da muryar da za ta ceci Lilou nake ji.

Ranar da Lilou ta faɗa ruwa, shi ya ja jandarmomi har ɗakina. Shi ya juya rediyon ya buɗe bayansa, ya ce, "Kun gani?"

Bayan sun tafi ya dawo, ya zauna a kujerar babanku, na zuba masa miyar kabeji, ya shanye. Ya ce, "Mama, ba wanda ke ɗaure tsohuwa. Ni kuwa in aka ce ni ne, inshora za ta zame, tara ta cinye gidan, wataƙila har kurkuku. Likita kawai za ki gani, ya rubuta kina mantuwa, shi ke nan." Na ce, mantuwar ce ta tuna mini yawan gishirin da kake so? Ya ajiye cokali ya fita.

Abin da ke cina shi ne, da ya zo tun farko ya durƙusa ya ce Mama ki ɗauke mini, Allah ya yafe mini, wataƙila da na ɗauka. Na ɗauke shi a baya ina tsinkar inabin mutane, wannan ne zai gagare ni? Amma bai roƙa ba. Ya ɗora mini tukuna, sannan ya zo shan miya.

Amílcar ya ce hannunsa ya gaji. Ki gaida yaran.

Mahaifiyarki,
Deolinda

Zuwa ga 'yata Graça,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidanki. Solange ce kuma. Ta ce kin kira ta jiya kina tambaya wai da gaske kaina lafiya. Na gode da kika tambaya, ko da baƙuwa kika tambaya ba uwarki ba. Ta ce kina hanya ran Juma'a. To Alhamis za su kai ni wurin likita, ki san yadda za ki yi.

Ina jin tsoro, 'yata. Ban iya karatu ba, in ya nuna mini takarda na kasa, cewa zai yi mantuwa ce. In ya tambaye ni da irin Faransancinsu na manya, harshena zai sarƙe. Ghislaine ta sauko mini da akwati daga saman kabad, da alama gidan tsofaffi za a kai ni. Shekaranjiya na same ta a ɗakina da igiyar awo, tana auna bango. Na ce lafiya? Ta ce, "Fenti za a yi miki, Kaka." Fenti. Tun ina shaƙar iska ana neman inda za a sa gadon baƙi.

Lilou ta buɗe ido, Allah abin godiya. An cire mata inji, amma har yanzu ba ta ce uffan ba. Mijin Coralie ya toshe ramin shingen da katako. Jiya Coralie ta dawo ɗaukar kaya, na fito da ɓaure a faranti na kira sunanta. Ta tsaya, ta dube ni, ta ce, "Na yarda da ke kamar uwata." Ta shige mota. Na gwammace ruwan nan ya shanye ni da wannan kallon.

An gaya mata tsohuwa ce ta cire batir, ba a gaya mata a ina aka same su ba. Ita kaɗai ta ga hannun da ya sa su a rediyon. Na san haka tun ranar farko, na yi shiru, don in ta tuna, Armindo ya shiga uku. Ni na haife shi. Na kwana ina roƙon Uwa Maryamu ta nuna mini wata hanyar, ba ta nuna ba.

In kin sauka daga jirgin ƙasa kada ki biyo gida, yayanki zai tare ki a ƙofa da bakinsa mai zaƙi. Kada ki fara da jandarmomi, kada ki fara da likita ko fada. Ki wuce asibiti. Ki zauna kusa da uwar yarinyar, ki gaya mata a rediyona aka sami batiran, ki tambaye ta ranar da muka ɓari wake, wa ta tsokana, me ke hannunsa. Sauran kowa ya ji daga baya. Coralie za ki fara gaya wa.

Mahaifiyarki,
Deolinda