Zaren da Aka Rataya a Ɓaure

Rafraf, 9 ga Yuni 1979

Yaya Mongi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Mun iso gidan hutun da ka kama mana. Teku na gangaren tudu, iska ba a magana, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Mai gidan, wata tsohuwa Mbarka, tana zaune a ɗakin baya. Itatuwan ɓauren tsakar gida nata ne, da su take ci duk shekara. Shekaranjiya na gan ta tana rataya wasu yamutsattsun 'ya'yan itace da aka soke a zare, reshe-reshe, bakinta na motsi. Ɗaya daidai tagar ɗana Nizar. Washegari yaron ya tashi da zazzaɓi, ga wasu mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari ko'ina.

Na ce, "Iya, mene ne wannan?" Ta yi dariya ta ce, "Aure nake ɗaura musu, 'yar birni." Ka ji fa. Ni na san abin da ake ratayawa a gidajen mutane.

Ƙanwarka,
Wasila

Tunis, 13 ga Yuni

Wasila,

Gaisuwa da fatan alheri. Don Allah kada ki taɓa zaren nan. Namijin ɓaure ne, haka kakarmu take yi, kina goye shi ya sa ba ki sani ba. Ƙwarin daga cikinsa suke fitowa su shiga 'ya'yan itacen. In babu su, 'ya'yan zubewa za su yi tun suna ɗanye. Bakin da kika ga yana motsi salati ne, sarkin tsoro. Ki kai Nizar asibiti.

Yayanki,
Mongi

Rafraf, 16 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta zo a makare. Ran Lahadi, tsohuwar tana kasuwa, na tsinke zarurrukan duka na ƙona, na bi itatuwan da feshin maganin ƙwari. Da ta dawo na faɗa mata magana a gaban maƙwabta, irin wadda ba zan iya rubutawa ba. Ta daɗe tana kallon tokar, sannan ta ce, "'Yata, da kin tambaye ni sau biyu."

Likita ya ce rana ce ta bugi Nizar a bakin teku, har ya warke. Kunya ta hana ni fita tsakar gida. Na je da kuɗi, ta ce, "Mayar jakarki, itace ba ya cin dinari." Na zaga gonakin ƙauyen nan kaf, kowa ya riga ya rataya nasa. Ka nemo mini namijin ɓauren a kasuwannin Tunis, ko nawa ne, kafin lokacin ya wuce.

Ƙanwarka,
Wasila

Tunis, 21 ga Yuni

Wasila,

Gaisuwa. Na duba har Bizerte. Zare biyu kacal na samu, na ba direban motar Rafraf ya kawo miki. Mai sayarwar ya ce bai yi alkawarin akwai sauran ƙwari a ciki ba. Allah ya sa a dace.

Mongi

Rafraf, 27 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, ni na riƙe mata tsani ta rataya. Amma tun jiya 'ya'yan suke zubowa, kore shar, ina zaune a ɗaki ina jin faɗuwarsu. Da safe ta zo da tsintsiya ta share mana ƙofa, wai kada Nizar ya taka ya zame.

Kada ka turo motar da za ta mayar da mu gida tukuna.

Ƙanwarka,
Wasila