Lallen Inna Ya Kira Motar Asibiti

Assalamu alaikum Gwaggo Shamsiya. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki ɓoye sunana, don rabin matan unguwarmu ta Highbridge suna karanta filin nan, sauran rabin kuma ana karanta musu.

Ni 'yar Maraɗi ce, shekarata goma sha huɗu a New York. Bara Innata ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Gidanmu hawa na biyar ne, babu lif, ni kuma ina tsaron shago tun safe har magariba. Da kuka da komai, ni da yayana Habibou muka kai ta gidan kula da tsofaffi a nan Bronx. Kin san bakin mutanenmu, har yau akwai waɗanda in na gaishe su a masallaci sai sun kalle ni sama da ƙasa kafin su amsa.

Wata uku Inna ta juya fuska ga bango. A gidan suna da abubuwan da suke yi wa tsofaffi don ɗebe kewa, waƙe-waƙe da zane-zane. An ba ta takarda da fenti ta zana fure, ta ture, ta ce da shekara saba'in da huɗu ba za a mayar da ita aji ɗaya ba. Rannan matar da ke shirya musu wasannin ta tambaye ni sana'ar Inna a gida. Na ce shekara arba'in tana yi wa amare ƙunshi. Matar ta nemo hoton lalle a waya ta nuna mata. Inna ta duba, ta yi tsaki, ta ce wadda ta yi wannan da ƙafa ta yi shi. Wallahi Gwaggo, tsakin nan ya fi min kiɗa daɗi.

Daga nan aka ba ta ranar Laraba ta riƙa yi musu lalle. Mata takwas a kan kekunansu na marasa lafiya, babu mai jin yaren wata, amma kowa Inna ta ba ta aiki: wannan tankaɗe, wannan kwaɓi, waccan yankan filasta don fitar da zane. Har wani tsohon direban tasi ɗan Kumasi, Baba Moro, ya naɗa kansa tafinta, ladarsa a rina masa gemu. Inna ta koma cin abinci, ta koma faɗa, ta koma ɗaura kallabinta a karkace yadda na san ta da shi.

To ga inda aka kwana. Babbar ƙawarta wata 'yar Dominika ce mai shekara tamanin, Milagros, mai ciwon suga. Ta nace ita ƙunshin ƙafa take so irin na amare. Inna kuwa ba ta iya rabin aiki ba. Ta yi mata jan lalle, ta bi shi da gishirin lalle ya koma baƙi ƙirin, ta saka mata safa. Washegari da safe wata sabuwar nas ta zo duba ƙafafun masu suga, ta cire safa, ta ga yatsu goma baƙaƙe wuluk. Ihu, gudu, motar asibiti! Milagros tana bayani da Sifaniyanci tana ƙyalƙyala dariya, su kuma suka ɗauka ciwon ne ya taɓa mata kai. Sai a asibiti wata ma'aikaciya 'yar Senegal ta leƙa ta ce musu ai wannan kwalliya ce. Da la'asar aka dawo da ita tana ɗaga ƙafa tana nuna wa kowa.

Hukumar gidan ba ta yi dariya ba. An hana lalle kwata-kwata, an kuma ba mu takardar gargaɗi. Inna ta sake juyawa bango. Abu ɗaya ta ce min, in shigo mata da kwaɓaɓɓen lalle a filas ɗin kunu. Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba, na yi sau ɗaya, saura kaɗan Baba Moro ya tsiyaya a kofi.

Habibou ya ce in shiga taitayina, in aka ce mu kwashe ta, wa zai goya ta zuwa hawa na biyar? Ya yi gaskiya. Amma ni ina tsoron in na hana ta, zaune za ta narke ina kallo. In ci gaba da fasa-ƙwaurin ne, ko in bari? Na rasa yadda zan yi.

Ɗiyar Mai Ƙunshi, Highbridge

Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Na yi dariya har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa min bango, sannan na sake karantawa, na gane abin da ke cin ki.

Da farko, filas ɗin kunu na kunu ne. Ki daina. Ranar da aka kama ki, ke da Inna kun zama marasa gaskiya alhali kuna da ita. Nas ɗin nan ma kar ki riƙe ta a zuciya. Baƙin yatsa a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne, wadda ta gani ta yi shiru ita ce abar tsoro. Laifinku ɗaya, kun yi ƙunshi a gidan da ake karanta lafiyar mutum a fatarsa, ba ku gaya wa masu karatun ba.

Habibou yana tsoron Inna ta rasa gado, ke kina tsoron ta rasa kanta. Duk kun yi daidai, sai dai ba dole ne a zaɓi ɗaya ba. Ki nemi zama da shugabar nas-nas da matar wasannin, ku je da sharuɗɗanku kafin su kawo nasu. Jan lalle zalla, babu gishiri, babu haɗi. Bayan hannu kawai, ban da ƙafa, ban da farce da kan yatsu. A gwada ɗan ɗigo a fata tukuna, a kuma rubuta sunan duk wadda aka yi wa a ba nas. Wadda likita ya hana, a ba ta ƙyalle ko ƙwarya ta yi zanenta a kai, ta zauna cikin 'yan'uwanta.

Amma ki ji wannan da kyau: ba ke za ki yi magana a zaman ba. Ki tambaya ko mazauna gidan suna da taronsu, yawanci akwai. Matan nan takwas su kai kokensu da bakinsu, Inna a gaba, Baba Moro ya ci gemunsa da aiki. Abin da ya tashe ta daga bango ba ganyen lalle ba ne kaɗai, ganin ana jiran umarninta ne. In kika karɓe yaƙin kika yi mata, kin sake zaunar da ita.

Ko sun yarda ko sun ja lokaci, akwai hannun da babu hukumar da ta isa ta hana ta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga an yi wa 'yar Dominika, an yi wa gemun ɗan Kumasi, ban ga inda aka yi miki ba. Ki nemi izinin fita da ita lambun gidan ranar hutunki, ki ba Habibou shago da waya, ki miƙa mata hannuwanki biyu. Ƙunshi ba ya kamawa sai an daɗe a zaune, kuma mai ƙunshi a hannu ba ta iya tashi ta ce tana sauri.

Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da tsawon kwana, Ya yi miki albarka.

Gwaggo Shamsiya