Ƙwan Fitilar Cikin Kabad

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da jikokina. Mu nan lafiya, sai godiyar Allah. Ina ci, ina barci, ina buɗe shago.

Na rubuto ne maimakon waya don in haɗo maka da takardun nan uku. Ka goga yatsa a gefen dama, za ka ga kalar tana bin hannunka kamar toka, gefen hagu kuwa ta kama daram. Sati biyu ke nan babban injin buga takardu na babanku yana haka. Shugabar makarantar da ke ba mu aiki ta dawo da takardun shaidar ɗalibanta, ta ce sunan makaranta yana gogewa a aljihun yara. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Mai gyara ya zo sau biyu. Ya ce rolar da ke gasa garin tawada ya manne da takarda ce ta cinye a gefe guda. Ya canza ta, ya ƙara zafi, ya gyara nauyin takarda a allon injin, duk kanwar ja ce. Da zai tafi ya ce wai injin ma zaman makokin maigidansa yake. Na ce masa mutuwa ba abin wasa ba ce, ya ɗauki jakarsa.

Baffanku ya samo mai sayen shagon. A cewarsa mace da inji sai kallo, kuma in aikin makarantar ya kuɓuce ba ni da sauran hujja. Ban yi masa musu ba. Tun rasuwar babanku, wata biyar yau, magana ba ta shiga jikina.

Kai ka yi shekara shida a gefensa kafin ka tafi naka aikin. Ilimin da uba ya bari amana ne, ba kayan ado ba. Ka duba ka ba ni amsa.

Mahaifiyarka.

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya tarin ƙaramar? A daina ba ta ruwan sanyi.

Na yi yadda ka ce. Na juya fararen takardun da ke cikin tiren injin, gefen dama ya koma hagu, sai gogewar ta bi su ta koma hagu. Auta ta sayo sabon ƙunshin takarda, muka buga, kala ta zauna ko'ina. Ashe injin lafiyarsa lau, rolar da aka cire ma ba ta yi laifin komai ba.

Ka tambaye ni ko ƙwan fitilar da ke cikin kabad ɗin takardu yana kunne. Ba ya kunne. Ni na kashe shi ranar da na fara buɗe shago, na cire shi na sa a banɗaki. Shekara ashirin da biyu ina yi wa babanku faɗa a kan ƙwan nan. Fitila a cikin rufaffen kabad, ba dare ba rana, wa take haskawa? Na kira shi almubazzari a gabanku. Shi kuma sai ya ce, "To, Malama, an ji wa'azi," ya ci gaba da aikinsa.

Yanzu ka ce ɗumin ƙwan ne ke hana takarda shan danshin bangon da kabad ɗin ya jingina da shi, kuma takarda mai danshi ba ta riƙe tawada. Na sa hannu a bangon. Sanyi ƙalau, har fentin ya kumbura.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na ninke, na share shago. Ban ji komai ba. Ina jira in ji.

Mahaifiyarka.

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ku duka, Allah ya yi muku albarka.

Na mayar da ƙwan, na bar takardun kwana uku suna shan ɗumi. Mun sake buga aikin makarantar gaba ɗaya. Shugabar ta goga da yatsa, ta goga da gefen mayafinta, ta karɓa, ta kuma bar mana aikin kalanda.

Baffanku ya zo da mai sayen. Na ba su kujera da ruwa, na ce shago ba na sayarwa ba ne. Ya ce taurin kaina ne zai kashe ni. Na ce ai ya daɗe yana ƙoƙari.

Auta ta yi murna har da rawa. Ni na zauna ina kallon hasken da ke fitowa ta ƙasan ƙofar kabad. Abin da ya tsaya mini shi ne, ban taɓa tambayarsa dalili ba, ko sau ɗaya. Hukunci kawai na yanke. Akwai haƙurin da ya kamata in bayar, kuma babu wanda zan ba.

Don haka ka ji ni da kyau. In ka ga matarka tana wani abu da ba ka gane kansa ba, kada ka fara da faɗa. Ka tambaye ta tun tana da bakin amsawa.

Ka gaishe ta, ka shafa mini kan yara.

Mahaifiyarka.