Na Gano Kuskuren Oga Jacob

Anti Rekiya, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan yana cina a rai.

Ni dai ba mai yawan kuka ba ce. Ina aikin kwamfuta a wani ofis a Jabi, maigida lafiya, yara lafiya, in ban da cunkoson motocin Nyanya babu abin da ke ɓata mini rai. Bayan aikin ofis ina cikin 'yan sa kai masu gyara kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda mutanen ƙasashe da yawa ke rubutawa kyauta. Ɓangarena shi ne wanda ke ba kwamfutocin ofis damar buɗe fayilolin da ke ajiye a babbar kwamfuta guda. Ni ce mai bin sawun gyare-gyare: wace matsala aka kawo, wa ya gyara, gyaran ya shiga ko bai shiga ba. Aikin haƙuri ne, kuma yana mini daɗi.

Oga Jacob ne ya sa ni a hanyar nan. Daga Legas ya biyo ma'aikatarsu lokacin da gwamnati ta dawo Abuja, daga baya ya ɗauke ni aiki a ofishinmu ban san komai ba. Sau ɗaya aka taɓa karɓar gyaransa a kanel, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya sha labarin, har mai gyaran janareta.

To, makon jiya na gano tushen wata matsala. In layin sadarwa ya yanke ana tsakiyar ajiye fayil, sai ƙarshen rubutun ya ɓace, kwamfuta kuma ta ce ta ajiye. Na yi ta bin sawu, sai ga ni a ƙofar gyaran Oga. Na rubuta maganin. Amma a al'adar aikinmu, dole a ƙasan kowane gyara a ambaci tsohon aikin da ya jawo matsalar, kowa kuma zai ga sunan mai shi. Da wannan ambaton ne masu kula da tsofaffin kwamfutoci ke sanin su ma suna buƙatar maganin. In na cire, nasu za su ci gaba da cinye rubutun mutane. In na bari, na kwance masa zani a kasuwa, ga shi wata mai zuwa zai yi ritaya. A gidanmu ba a gyara wa babba magana a gaban jama'a. Kamar uba na ɗauki mutumin nan, ina tsoron in rasa shi.

Mai Bin Sawu, Nyanya

Mai Bin Sawu,

Kunyarki ta nuna an yi miki tarbiyya, kada ki yar da ita. Amma ambaton nan ba naki ba ne balle ki yafe. Haƙƙin mutanen da ba ki sani ba ne, waɗanda za su buɗe fayil gobe su tarar rabi babu. Ki bar shi yadda al'adarku ta ce.

Abin da ke hannunki shi ne yadda labarin zai isa kunnen Oga. Kada ya tsince shi a intanet kamar baƙo. Ki je gidansa da kwamfutarki, ki gaisa, ki ci abin da aka ba ki, sannan ki nuna masa inda sawun ya kai ki, ki roƙe shi ya duba maganin kafin ki tura. Na tambayi wani ɗan'uwana, Manniru, mai irin sana'arku, ya ce akan rubuta sunan wanda ya duba gyara ya amince da shi. Ki yi masa tayin wannan.

Zai iya jin zafi, mutum ne. Ki ba shi 'yan kwanaki ya huce, amma ko ya huce ko bai huce ba, ki tura. In kika ɓoye, wani baƙo zai gano wata rana ya rubuta babu sassauci, a ranar kuma Oga zai san kin gani kin yi shiru don kina ganin ba zai iya ɗauka ba. Wannan ne zai raba ku.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki sa'a.

Anti Rekiya