Riɗi a ɗakin karatu

Gagarawa, daren Laraba, tsakiyar kaka

Yau na leƙa tsohon gidan da muka yi karo-karo muka saya don laburaren gari, na tarar da buhunan riɗi jibge har sama. Ashe Malam Sabo, shugaban kwamitinmu, ya ba wani Alhaji hayarsa, wai da kuɗin za mu sayi kwano da siminti.

Na ce, "Malam, yaushe zai kwashe?"

Ya ce, "Malama, sai haƙuri, har na baɗi ya biya."

Ko tuwo na kasa ci. Littattafan da na roƙo suna ƙarƙashin gadona, gara ta fara taɓa su. Laburaren kuwa, rubutun da ke cikinsa kaf sunan Alhajin ne a jikin buhuna.