Kujeru Goma Sha Biyu, Ni Kaɗai a Gida

Assalamu alaikum Hajiya Kadijatu,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Shekaruna sittin da huɗu, ina zaune a Tafo. Na daɗe ina sayar da takalma a Alabar, bara na bar shagon saboda ciwon gwiwa. Matata Barkisu ta rasu shekara biyu ke nan. 'Ya'yanmu uku duk sun watse: Sheriff yana Tema, Nasira tana aure a Tamale, autan yana Italiya. Jikoki bakwai gare ni, biyu ban taɓa ɗaukarsu a hannu ba.

Mota nake so in saya, ta iyali. Abdulgafar, wani makaniki da na sani a Suame, ya nuna min guda biyu, ɗaya mai kujeru bakwai, ɗaya ƙaramar bas mai goma sha biyu. Ya ce ta bakwai ba ta shan mai, kuma za ta fi sauƙin juyawa a lungunmu. Na san gaskiya ya faɗa. Amma da ya tafi ɗauko makulli sai na shiga babbar na zauna, na tsinci kaina ina raba wa yara da jikoki kujeru, kowa da sunansa. Ta gaba ban ba kowa ba. Sai da na share ido kafin ya dawo.

Da na gaya wa Nasira a waya dariya ta yi, wai mutane za su ɗauka turoturo ce, wato bas ɗin haya, su riƙa tsayar da ni. Ni ma na taya ta dariyar. Ban gaya mata yadda na yi Sallar bara ba. Na dawo daga idi, na sayi shinkafa da wake a bakin titi, na ci a tsakar gida, ni da rediyo. Kullum uzurinsu wahalar hanya da ƙananan yara, shi ne nake ganin in akwai motar uzuri ya ƙare. Sau uku ina komawa Suame ina kallonta. Wacce zan ɗauka?

Baban wasu, Tafo

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan Mma Barkisu, ya ƙara maka haƙuri.

Babbar tana da ranarta, amma ranar sau ɗaya ce ko biyu a shekara. Sauran kwanakin kai kaɗai za ka tuƙa ta, kana kallon kujeru ba kowa ta madubi, kuma ina tsoron hakan ya ƙara maka kewa. Ɗauki ta bakwai ɗin. Ka sa wani makanikin daban ya duba inji da birki, ka tabbata kayan gyaranta ba sa wuya a Suame. Ka gwada hawa da sauka sau da yawa saboda gwiwar, in da hali ka nemi wadda ba sai ka taka kuloci ba. Ran da kowa ya hallara, a ɗauki tasi a ƙara.

Sai maganar da ba ka tambaya ba. Mota ba za ta gaya wa 'ya'yanka kana kewarsu ba. Wataƙila uzurinsu gaskiya ne, kuma da yake kana dariya a waya, sun ɗauka lafiya kake. Kira Nasira ka ba ta labarin Sallar nan yadda ka ba ni, kada ka rage komai. Ka gaya wa Sheriff da autan ma, ku tsayar da rana guda ta haɗuwa.

Kafin ranar, kada ka zauna jira. Tafiyarka ta farko ta zama Tema, ka nemi aboki daga masallacinku ya raka ka, ka kwana uku, ka kai jikoki makaranta da kanka.

Allah ya sa ka saya a sa'a, ya tsare hanya, ya tara maka su a tsakar gidanka kana da rai da lafiya.

Hajiya Kadijatu